Bagaruwa da Warkar Miki: Daga Zabirar Wanzami Zuwa Ɗakin Gwaji

Gabatarwa



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan tarihin magani guda ɗaya, watau bagaruwa, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira gabaruwa, da kuma sinadarin da ke cikinta wanda masana kimiyya suka raɗa wa suna tanin. Za mu fara daga ƙasar Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano, inda wanzami da majemi suka daɗe suna aiki da ita. Daga nan za mu bi sawun sinadarin zuwa asibitocin Amurka da Ingila, inda ya yi tashe na wajen shekara 20 sa'an nan aka yi watsi da shi. A ƙarshe za mu shiga ɗakin gwaji, inda ake yi wa ɓera rauni da gangan domin a auna yadda fata take warkewa.

Manufar bin wannan doguwar hanya ita ce a nuna cewa magani yakan yi aiki iri biyu, da wanda ido ke gani a kan miki, da wanda ke gudana a ɓoye cikin jiki. Gadon kaka da kakanni shaida ne mai ƙarfi a kan aiki na farko. Na biyun kuwa sai an gwada ake saninsa, kuma tarihin tanin ya nuna irin hasarar da akan yi idan aka jinkirta gwajin.

Ƙasar Karaye da Rogo da masu maganin rauni

Karaye tsohon gari ne a yammacin birnin Kano, Rogo kuwa tana kudu da ita, a kusurwar da Jihar Kano ta yi iyaka da Katsina da kuma ƙasar Zazzau ta Jihar Kaduna. A 2019 gwamnatin jiha ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai sarkin yanka, a watan Mayu na 2024 aka soke wannan tsari, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka sake kafa ta a matsayin masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo.

Zaman wannan ƙasa a bakin iyaka ya sa ta san rauni tun da daɗewa. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Wambai Giwa, wanda a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, ya tare a Karaye yana gwabzawa da Katsinawa. Inda ake yaƙi kuwa dole a sami sara da suka da harbi, kuma kibiyar wancan zamani sau da yawa tana ɗauke da dafin ƙwanƙwani. Ko a lokacin zaman lafiya ma manomi ba ya rabuwa da saran fartanya, ko yankan lauje, ko sukar ƙaya, haka nan masu dafa mazarƙwaila a ƙasar rake irin Rogo kullum suna tare da wuta da tafasasshen ruwan rake.

Saboda haka Bahaushe ya raba aikin jiyyar rauni tsakanin masu sana'o'i. Karaya da targaɗe na maɗori ne. Ƙuna ta maƙeri ce, domin shi ne abokin wuta. Cibiyar jariri da jikin mai jego suna hannun ungozoma. Maharbi ya san dafi da makarinsa. Wanzami kuwa matsayinsa daban ne, domin sana'arsa ta ƙunshi yin rauni da hannunsa, a wajen kaciya da ƙaho da tsaga da cire belu, sa'an nan kuma ya zauna ya yi jiyyarsa har ya warke. Ke nan wanzami yana ganin miki iri ɗaya, mai girma kusan ɗaya, a jikin yara masu shekaru kusan ɗaya, shekara bayan shekara, musamman da yake an saba yin kaciya a lokacin hunturu. Ya kamata mu riƙe wannan batu, domin za mu sake cin karo da shi idan muka isa ɗakin gwaji.

Daga cikin abubuwan da wanzaman ƙasar Hausa suka fi dogara da su a jiyyar kaciya akwai bagaruwa. Akan daka busassun ƴaƴanta a tankaɗe a barbaɗa garin a kan miki, akan kuma jiƙa ta ko a dafa a riƙa wanke shi da ruwan. Masu jego suna zama cikin ruwanta, masu ciwon dasashi suna kurkure baki da ita. Itaciyar tana son fadama da bakin kogi da ƙasa mai laka, irin wuraren da kogin Calawa da rafukansa suka wadata ƙasar Karaye da su.

Abin da ya haɗa wanzami da majemi

Babbar kasuwar bagaruwa a tarihi ita ce majema. Ɗanyar fata idan aka bar ta sai ta ruɓe, idan aka shanya ta haka nan sai ta ƙandare. Majemi yakan jiƙa ta da toka ya kankare gashin, ya tausasa ta, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa na wasu kwanaki. Idan ta fito ta zama abin da ba ya ruɓewa, mai lanƙwasuwa, wanda baduku zai ɗinka takalmi da jaka da kube da shi. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin jemammun fatu da jajayen fatun da aka rina da karan dafi, waɗanda fatake ke kaiwa har Tarabulus. Fatar jan akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka sani da sunan fatar Maroko saboda hanyar da take bi kafin ta isa gare su, da bagaruwa ake jeme ta.

To, mene ne sirrin? Duk wanda ya taɓa tauna bagaruwa, ko ɗanyen goro, ko ya sha shayin da ya daɗe a wuta, ya san ɗanɗanon da Bahaushe ke kira bauri. Tanin shi ne ke kawo bauri. Ɗabi'arsa ita ce ya kama furotin, watau sinadarin da aka gina nama da shi, ya ɗaure shi tamau. A cikin fata akwai wani furotin mai kama da zare da ake kira kolajin. Idan tanin ya ɗaure waɗannan zarurruka sai ruwa ya rage shiga tsakaninsu, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama su rasa abin ci. Jima ke nan. Kwanson bagaruwa yana da tanin mai yawa, har yakan wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa idan an cire ƙwallayen.

Wannan aiki dai shi ne ke faruwa a kan miki. Garin bagaruwa yakan daskarar da ruwan da ke tsatsowa, ya tsuke bakin ƙananan jijiyoyin jini, ya yi wani baƙin ɓawo wanda ke rufe wurin, ya rage raɗaɗi, ya kuma takura wa wasu ƙwayoyin cuta. A taƙaice, wanzami yana jeme saman miki ne, kamar yadda majemi yake jeme fatar akuya. Bambancin kawai shi ne fatar majemi matacciya ce, ta wanzami kuwa akwai rai da jini a ƙarƙashinta, kuma duk abin da aka zuba mata yana iya zarcewa cikin jiki.

Daɗewar wannan sani

Ba Hausawa kaɗai suka gano amfanin wannan itaciya ba. Tana tsirowa tun daga Senegal har gaɓar kogin Nilu, ta haye zuwa ƙasar Larabawa da Indiya, kuma sunanta na kimiyya, Acacia nilotica, wanda daga baya aka mayar Vachellia nilotica, daga Nilu aka samo shi. Takardun maganin Misira ta dā, irin su wadda ake kira Ebers ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ambace ta a cikin haɗe-haɗen magani. Dioscorides, likitan Girka na ƙarni na 1, ya bayyana ruwan da ake matsowa daga ƴaƴanta a matsayin magani mai tsuke nama. Larabawa suna kiranta ƙaraz, kuma ya zo a hadisi cewa ruwa da ƙaraz suna tsarkake fatar mushe, abin da ya sa malaman fiƙihu suka san ta tun daga babin tsarki.

A ƙasar Hausa ma an yi rubutu a kan magani kafin zuwan Turawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa risaloli a kan ciwon basur da ciwon ido da amfanin filasko. Bayan zuwan Turawa, likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa ya buga a 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daga shekarun 1970 Nina Etkin da Paul Ross suka yi nazarin magungunan wani ƙauye a ƙasar Wudil, Lewis Wall kuma ya zauna a ƙasar Malumfashi, wadda ba ta da nisa da Karaye, ya buga littafinsa a kan maganin Hausawa a 1988.

A ɓangaren kimiyya kuwa, Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya ware wani asid mai suna galik a 1786 daga ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak, Armand Seguin na Faransa kuma ya ƙirƙiri kalmar tanin a 1796. Wajibi ne a lura da abu guda a nan. Tanin iyali ne mai ƴaƴa da yawa. Wanda ake sayarwa a kantin magani, mai suna asid tanik, daga ƙullutun itatuwan Turkiyya da Sin ake tace shi. Na bagaruwa ɗan'uwansa ne na kusa, suna tarayya a asid galik da ɗabi'ar kama furotin, amma bagaruwa gauraye ce ta sinadarai da dama. Labarin da zai biyo baya na asid tanik ne, darasinsa kuwa ya shafi dangin baki ɗaya.

Tashe da faɗuwar tanin a asibiti, 1925 zuwa 1944

A farkon ƙarni na 20 wanda ya yi mummunar ƙuna yawanci mutuwa yake yi cikin ƴan kwanaki. Likitoci da yawa sun ɗauka cewa ƙonannen nama ne ke sakin wata guba cikin jini. A kan wannan fahimta ne wani matashin likita, Edward Davidson na asibitin Henry Ford a birnin Detroit na Amurka, ya buga rahoto a 1925 cewa yana jiƙa ƙuna da ruwan asid tanik mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100, domin ya ɗaure gubar a inda take. Abin da aka gani ya ba kowa sha'awa. Raɗaɗi ya ragu, tsiyayar ruwa ta tsaya, baƙin ɓawo ya rufe ƙunar, an huta da canza bandeji kullum, asibitoci kuma suka riƙa ba da rahoton raguwar mace-mace. Kafin shekara 10 maganin ya game Amurka da Turai, wasu likitoci har suka ƙara masa ƙarfi, suka kuma haɗa shi da wasu sinadarai don ɓawon ya yi saurin kamawa.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya fara tona aibinsa. A 1940 aka riƙa kawo wa Archibald McIndoe, likitan gyaran jiki a garin East Grinstead na Ingila, matuƙan jiragen yaƙi da suka ƙone a fuska da hannu. Ya ga yadda ɓawon tanin ke ƙandarewa ya shaƙe yatsu har jini ya kasa gudana, ya janye fatar ido har mutum ya kasa runtsawa, mugunya kuma ta taru a ƙarƙashinsa ba a sani ba. Ya yi ta fafutuka har aka hana sa shi a fuska da hannu.

Ɓarna mafi girma kuwa a ciki take. A 1942 likitoci uku a Amurka, Wells da Humphrey da Coll, suka ba da rahoton marasa lafiyar da suka mutu bayan an yi musu jiyya da tanin, aka kuma tarar hantarsu ta lalace. Domin su tabbatar da zarginsu sai suka yi wa ɓeraye allurar asid tanik a ƙarƙashin fata, hantar ɓerayen ta lalace kamar ta mutanen. Jama'a, a duba tazarar da ke tsakanin 1925 da 1942. Shekara 17 aka yi ana shafa wa dubban mutane maganin kafin a ɗauki wannan gwaji mai sauƙi da muhimmanci.

A ranar 28 ga Nuwamba 1942 gobara ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove a birnin Boston, ta kashe mutum 492. Oliver Cope na babban asibitin Massachusetts ya ƙi amfani da tanin, ya rufe ƙunar da bandeji mai man basilin, ya mai da hankali ga ƙarin ruwa da ruwan jini ta jijiya, domin a lokacin an fara gane cewa zubar ruwan jiki ita ce ke kashe mai ƙuna a kwanakin farko. A 1943 shi da Bradford Cannon suka nuna cewa tanin yana jinkirta tofowar sabuwar fata. Zuwa 1944 an yi sallama da shi a manyan asibitoci.

Labarin bai ƙare nan ba. A shekarun 1990 da farkon 2000 wasu masana a ƙasar Holan suka koma suka binciki tsofaffin rahotanni, suka kawo hujja cewa tanin ɗin da aka yi aiki da shi a wancan zamani ba tatacce ba ne, an kuma zuba shi da yawa a kan ƙuna mai faɗi, ga shi ƙunar da kanta tana taɓa hanta. A 2019 wasu masana a ƙasar Sin suka buga sakamakon gwaji a kan ɓeraye wanda ya nuna asid tanik yana hanzarta rufewar rauni. Watau sinadari ɗaya ya zama magani, ya koma guba, ya sake neman zama magani, kuma abin da ya bambanta hukuncin shi ne yawansa, da tsabtarsa, da faɗin mikin da aka sa shi.

Yadda ɓera ya shiga ɗakin gwaji

Ɓeran gwaji shi ma yana da tarihinsa. Cibiyar Wistar ta birnin Philadelphia ta fara kiwon manyan fararen ɓeraye a 1906, kuma zuriyarsu ce ake yawan amfani da ita a jami'o'in Nijeriya. Ƙananan kuwa, Clarence Little ne ya fara haɗa wa da ƙanwa barbara a 1909, zuriya bayan zuriya, har ya sami ɓerayen da halittarsu ta zama kusan ɗaya kamar tagwaye. A 1929 ya kafa cibiyar Jackson a Jihar Maine, wadda ke raba irin ɓerayen ga masu bincike a duniya. Hikimar ita ce, idan dabbobin duka iri ɗaya ne, to bambancin da aka gani a warkarsu daga magani ya fito.

Ga yadda ake yin gwajin. Akan sa ɓera barci, a aske bayansa, a huda fatar da wani ƙarfe mai zagayayyen baki, yawanci mai faɗin milimita 6. Sai a kasa ɓerayen kashi-kashi. Kashi na farko a shafa musu man da ba magani a cikinsa, na biyu a sa musu maganin asibiti da aka riga aka sani, sauran kuma a sa musu abin da ake gwadawa, wasu kaɗan, wasu da yawa. Akan ɗauki hoton mikin a auna faɗinsa a ranaku ƙayyadaddu, alal misali rana ta 3 da ta 7 da ta 14. Daga bisani a yanki ɗan naman a duba da madubin likita, a ga yawan sababbin jijiyoyin jini da kolajin, a kuma duba hanta da ƙoda.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne warkar miki hawa-hawa ce. Da farko jini ya daskare. Sa'an nan wurin ya kumbura ya yi ja, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke share datti. Bayan haka jan nama ya tofo daga ƙasa, sabuwar fata ta rarrafo daga gefe. A ƙarshe tabo ya yi ta ƙarfi har tsawon watanni, ko da yake ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Magani yana iya taimakon hawa na farko ya kuma kawo cikas a na uku, kuma abin da Cannon da Cope suka gani game da tanin ke nan.

Idan muka tuna da wanzami, za mu ga ya riga ya mallaki rabin wannan tsari, tun da mikinsa iri ɗaya ne kuma yana maimaita shi sau ɗaruruwa. Abin da ba shi da shi abu biyu ne, watau kashin yaran da ba a sa wa magani ba don a kwatanta, da kuma hanyar leƙa hanta.

Amma shi ma ɓera shaidarsa tana da iyaka. Fatarsa sakwaf take, kuma a ƙarƙashinta akwai wata siririyar tsoka wadda mutum ba shi da ita sai ɗan saura a wuya da wasu wurare kaɗan. Wannan tsoka tana jawo gefen miki ya tsuke kamar bakin jakar da aka ja zarenta, ta haka ne mafi yawan mikin ɓera ke rufewa. Mikin mutum kuwa ya fi dogara ga tofowar sabon nama da sabuwar fata. Domin magance wannan, a 2004 Robert Galiano da abokan aikinsa a birnin Niyok suka fito da dabarar ɗinka wani zobe na roba a kewayen mikin ɓera don ya hana shi tsukewa. Saboda haka ɗalibin da ya karanta rahoto cewa wani tsiro ya rufe mikin ɓera da sauri, ya kamata ya tambaya ko an sa zoben, musamman idan tsiron mai bauri ne wanda tsuke nama ɗabi'arsa ce. Ya kuma tambaya ɓeraye nawa ne, da me aka kwatanta, ko mai aunawa ya san wane ɓera aka sa wa me, kuma ko an duba hanta. Bugu da ƙari, ɓeran gwaji matashi ne mai ƙoshi, a cikin keji mai tsabta. Gyambon tsoho mai ciwon sukari a ƙauye wani abu ne daban, shi ya sa ake kiwon ɓeraye masu ciwon sukari musamman don irin wannan bincike, kuma duk da haka hukunci na ƙarshe sai an gwada a jikin mutane bisa ƙa'ida da yardarsu.

Bushewa ko danshi

Akwai wata fahimta da Bahaushe da likitan Turai na dā suka yi tarayya a kanta, cewa alamar warkar miki ita ce ya bushe. Har gobe idan aka je duba mai rauni akan ce, miki ya yi kyau, ya fara bushewa. A 1962 George Winter na Ingila ya yi ƙananan raunuka a bayan aladu, waɗanda fatarsu ta fi kama da ta mutum, ya bar wasu a buɗe suka yi ɓawo, ya rufe wasu da leda suka zauna da danshi. Waɗanda aka rufe sun yi sabuwar fata da sauri kusan ninki biyu. A 1963 Hinman da Maibach suka tabbatar da haka a jikin mutane. Dalili shi ne ƙwayoyin sabuwar fata sun fi saurin rarrafe a kan danshi, in kuwa akwai busasshen ɓawo sai sun yi gini ta ƙarƙashinsa.

Wannan bai mai da wanzaman dā marasa basira ba. A garin da babu bandeji mai tsabta, ga ƙura ga ƙuda, babban abin tsoro shi ne zubar jini da ruɓewa, kuma ɓawon bagaruwa garkuwa ce daga duka biyun a kan ƙaramin miki. Jinkirin ƴan kwanaki farashi ne mai sauƙi a wancan hali. Inda hali ya sauya kuwa, hukunci ma yana iya sauyawa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa na aiki. Na farko, faɗin miki shi ne ma'auni. Abin da ya halaka majiyyatan Amurka shi ne zuba tanin a kan ƙuna mai faɗi inda jiki ke tsotse shi da yawa. Don haka garin bagaruwa ba na babbar ƙuna ba ne, ba kuma na miki mai zurfi ba, ko yatsu, ko kewayen ido. Yaron da tafasasshen ruwa ya kwarara wa a jiki, ruwan sanyi mai tsabta yake bukata nan take, sa'an nan asibiti.

Na biyu, tsabta. Ƴaƴan bagaruwa a ƙasa ake tsintarsu, a inda awaki da shanu ke kiwo domin su ma suna cinsu. Ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma tana jure bushewa shekara da shekaru. Barbaɗa irin wannan gari a cibiyar jariri ko a sabuwar kaciya yana iya shigar da ita. Allurar rigakafi ga masu juna biyu da yara, da aska mai tsabta ga kowane yaro shi kaɗai, aiki ne da sassan lafiya na ƙananan hukumomin Karaye da Rogo za su fi cin nasararsa idan suka jawo sarakunan aska da ungozomomi a jiki. Taron Alma-Ata na 1978 tun tuni ya yi kira da a sa masu maganin gargajiya cikin tsarin kiwon lafiya na farko.

Na uku, bincike. Nijeriya tana da misali a hannu. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, wadda aka kafa a 1987, ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, mai ƙunshe da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta gwada shi a kan dabbobi, sa'an nan a kan masu ciwon sikila, aka buga sakamakon a 2001 da sunan Niprisan. Hanyar da bagaruwa take bukata ke nan. Matakin farko kuwa ba a ɗakin gwaji yake ba. Ɗalibin Hausa ko na tarihi shi zai zauna da wanzaman Karaye da Rogo ya rubuta dalla-dalla wane ɓangare suke ɗauka, ɗanye ko busasshe, da ƙwallo ko babu, toyawa suke yi ko dakawa kawai, sau nawa ake sawa, kuma a wane irin miki suke ƙin sa ta. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce mafi tsada, domin a cikinta ne gogewar zuriya da zuriya take. Da wannan bayani ne ɗalibin harhaɗa magunguna a Kano ko Zariya zai gwada ainihin abin da ake amfani da shi, a kuma rubuta sunan masu ilmin a cikin sakamako.

Na huɗu, itaciyar kanta. Madatsar ruwa ta Calawa da aka kammala a 1992 ta sauya fasalin fadamun ƙasar Karaye, noman rani ya faɗaɗa, masu itacen girki da gawayi kuma suna son bagaruwa saboda taurinta. Manyan masana'antun fata na Kano sun koma jima da sinadarin kuromiyom, abin da ya rage wa manomi dalilin barinta a gona. Ma'aikatan gandun daji suna da rawar takawa a nan, tun da ana iya dasa ta a matsayin shinge da kuma a bakin rafuka.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanzami ya yi nasa gwajin na ɗaruruwan shekaru, ya tabbatar bagaruwa tana tsai da jini tana hana ƙaramin miki ruɓewa. Sauran tambayoyin, watau nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa, kuma me take yi wa hanta, suna jiran ɗaliban da ke zaune a wannan zaure.